Ranar da Aka Ƙone Sharar Kwata

Daren Asabar, ƙarshen bazara, Gyaɗi-Gyaɗi.

Sai yanzu Ummi ta samu barci, a zaune, jingine da ƙirjina. Numfashinta yana fita da ƙara kamar usur.

Yau mazan layinmu suka yi gayyar yashe kwata kafin ruwa ya sauka. Abban Ummi ne ya tara su, don bara ambaliya har kan katifarmu ta hau. Suka tula leda da tsummokara a bakin titi, da la'asar suka cinna wuta. Ga zafi, ko ganye ba ya motsi, hayaƙin ya ƙi tashi, ya zo ya kwanta mana a tsakar gida. In rufe taga mu dahu, in buɗe asmar yarinya ta tashi. Na rufe, duk da haka ta tashi.

Maƙwabciyata Maman Joy ce ta raka ni kemis a Tarauni. A hanya ta ce, "Maman Ummi, ki yi masa magana mana." In ce masa me? Kwatar nan ita ma ba ta bar mu ba.

Bayan magariba ya shigo da murnarsa yana cewa, "Bana sai dai ruwa ya wuce mu!" Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, warin rigarsa ya buge ta, ta sarƙe da tari har da amai.

Ya yi wanka, ya canja kaya. Har yanzu yana waje kan tabarma, cikin sauro, ya ƙi shigowa. Ɗazu ya ƙwanƙwasa taga a hankali, ya ce, "Har yanzu ina wari?"