Mayafina Ya Ga Teku

Rusholme, Manchester

Zuwa ga ƙanwata Rabi'a,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya.

Ɗana Falalu da matarsa sun biya wa uwar matar, Hajiya Zinatu ta Sparkhill, kuɗin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa da tsofaffin Turawa ke shiga. Wai hutu take buƙata. Ni kuwa, tunda council ta rufe nursery ɗin unguwarmu, aka ce jikoki sun fi sabawa da ni. Na ce ba komai. Me zan ce?

Kada ki ce ƙyashi nake, wallahi ko kusa. Ni da ko kwalekwalen Wudil ban yarda da shi ba! Sai dai kullum sai ta turo hoto, yau Sifen, gobe Italiya, tebur shaƙe da kifi. Ni kuma ina tura keken jariri a Wilmslow Road cikin ruwan sama, gwiwa na sara.

Da za ta tafi ta ari mayafina shuɗi, wanda kika aiko mini, wai iskar teku da sanyi. Jiya na gan shi a hoto a kafaɗarta. Ya yi mata kyau kuwa.

Ki aiko mini da man zafi da daddawa. Allah ya bar zumunci. Ki gaishe da kowa, ki ce ina cikin daɗi. In an tambaya ko an kai ni yawo, ki ce mayafina ya je.

Yayarki,
Kulu