Tangaran Aro a Kabad ɗin Gilashi

Zango, Kwatano

Yaya Habi,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Mu lafiya lau, sai kunya.

Malam ya sayo mini tsohon kabad mai gilashi wurin wani Bature da gwamnati ta karɓe kamfaninsa. Ba ni da abin jerawa, sai na ari tangaran maƙwabciyata Rabi. Ranar sunan jaririna, mata na yaba jeren, sai ga Rabi, wai ta yi baƙi. A gabansu ta kwashe kayanta, tana ta ba ni haƙuri. Da ƙofar katako ce, da na rufe. Amma gilashi, Yaya! Kowa ya ga kwanona ɗaya tilo.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ta ji.

Ƙanwarki,
Binta