Ɗan Maƙeri Ba Ya Nuna Ɗanyen Aiki

Tanti Mariya, don Allah ki agaza mani kafin Alhamis, na rasa inda zan sa kaina.

Ni ɗan Agadez ne, shekarata ashirin da bakwai, sana'ata rubuta manhajar waya da ta ordinateur, wato kwamfuta. Na yi karatu a Yamai, na dawo gida saboda babana, maƙerin azurfa, idonsa ya fara gazawa. Burina ɗaya ne, in sami aikin da ake yi daga nesa, in zauna kusa da shi. Wani lokaci ina zaune a zaure, aiki a cinya, sai hankalina ya tafi. In gan ni a garkar kawuna a Timia, ƙarƙashin itacen lemu, ruwa na bin gefen fangali a hankali, Baba na kishingiɗe yana sauraren kurciya, ni kuwa ina tura aiki can wata ƙasa da ban taɓa takawa ba. Har ƙamshin furen nake ji, wallahi. Na san rezo ɗin can, wato sabis ɗin waya, ba lallai ya ɗauka ba, amma ina ruwan mafarki da rezo? Sai shayi ya huce ban sani ba.

To ga matsalar. Akwai wata Madame Ramatou mai haɗa irinmu da kamfanoni. Sau biyu tana samo mani entretien, wato a kira ka ta bidiyo, a ba ka matsala, ka warware suna kallon ekran ɗinka, fuskar na'urarka ke nan. Tanti, a gidanmu ba a nuna ɗanyen aiki. In Baba ya siffanta zobe da kakin zuma ya lulluɓe da yumɓu, mai kaya ba zai gani ba sai an zuba azurfa, an fasa yumɓun, an goge yana ƙyalli. In baƙo ya shigo ana tsaka da aiki, ƙyalle yake jefawa a kai. Da haka na tashi. Shi ya sa a na farko na yi gum har minti ashirin, na gama komai a kaina, sannan na zubo amsa cikakkiya. A na biyu kuwa, da na ga na yi kuskure a layi na huɗu, kunya ta rufe ni, na kashe masu ekran, na gyara, na kunna. Amsar daidai ce fa! Amma suka ce wa Madame suna zargin wani ya taya ni. Ni! 

Ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce akwai na uku ranar Alhamis, shi ne na ƙarshe da za ta shigar da sunana. In na faɗi, sai shagon fotokopi na mijin yayata a Yamai, in bar tsoho a baya. Ina jin haushinta, ina kuma tsoronta. In koyi surutu ne ina aiki kamar mai tallan magani? Ko in haƙura, ba rabona ba ne?

Ɗan Maƙera, Agadez

*

Ɗana, sa ruwa a zuciyarka, abin bai ɓaci ba.

Tarbiyyar gidanku mai kyau ce, ita ta sa amsarka take fita daidai. Inda ka kauce shi ne gane wanda ke gabanka. Wa babanka yake rufe wa aiki? Mai saye. Tambaye shi ko ya taɓa jefa ƙyalle don ɗan'uwansa maƙeri ya zauna kusa da shi. Mutanen nan ba kaya suka zo saye ba, abokin zama a maƙera suke nema, suna son su ga yadda hannunka yake tafiya. Da ka nuna masu kuskuren nan da bakinka ka gyara a gabansu, da ya fi amsar kanta daraja.

Zargin ya yi ciwo, na sani. Amma mutum yana wata ƙasa, ekran ya yi baƙi, ya dawo da amsa tsaf, me kake so ya ce?

Madame Ramatou ta yi kaifin baki, sai dai da fuskarta take shigar da kai, in ka faɗi ita ma ta sha kunya. Kira ta yau, ka gaya mata ainihin dalili kamar yadda ka gaya mani. Tambaye ta minti nawa za a yi, wa zai yi tambaya, me suka fi dubawa. Aikinta ke nan, ba alfarma ba ce. Kuma ba ita kaɗai ce ƙofa ba, ka riƙa ƙwanƙwasa wasu.

Kafin Alhamis, kullum da hantsi ka zauna gaban babanka, ka warware matsala ɗaya kana faɗin tunaninka da ƙarfi, da Hausa tukuna, sannan da Faransanci. Ba sai ya fahimta ba. In ka iya yin kuskure a gaban mutumin da ka fi jin kunyarsa a duniya, baƙin cikin ekran ba za su razana ka ba. Ka kuma gaya masa dalili, don na tabbata kana ta wannan faɗi-tashi saboda shi, shi kuwa bai sani ba. Kada ka hana tsoho ya sa maka albarka.

Allah ya kwance maka harshe, ya bar ka kusa da shi.

Tanti Mariya