Abin da Muka Tarar a Shagon Baba

Zuwa ga Yayana Sharafaddeen, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Madina da yara. Allah Ya ƙara wa sana'a albarka. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar Inna da ke tashi idan damina ta yi nisa, ka dai san sanyin Jos. Na san za ka yi mamakin ganin takarda bayan kullum muna waya. Wallahi Yaya na sha ɗaga wayar in ajiye, bakina ne ya kasa ɗaukar maganar.

Ka san ƙanenmu Nura yana tuƙa motar wani mutum, yana lodin kabeji da karas daga kasuwar Farin Gada zuwa kudu, ya dawo da katako. A ƴan watannin nan sai ya karɓi makullin tsohon shagon Baba na ƙofar gida, wai zai riƙa ajiye kajin wani ogansa kafin a zo a kwasa. Duk dawowa sai ya shigar da kwalaye masu huji, ya kulle, ya tafi da makullin. Muna jin wani irin kuka mai kama da ana jan ƙarfe a kan siminti, na tambaye shi, ya ce kajin waje ne, haka kukansu yake. Na yarda, domin so ya hana ganin laifi.

Ranar wata Asabar Mama Suzana maƙwabciyarmu ta shigo da ƴarta Yael, wadda yanzu likitar dabbobi ce. Yael ta ja ni gefe, a hankali ta ce wannan kukan ba na kaza ba ne, kukan aku ne wanda aka kamo daga daji bai saba da mutane ba. Ta ce doka ta hana cinikinsu, mu yi wa Nura magana tun kafin wani ya ji ya kai ƙara. Yaya, maimakon in gode, sai na tashi da faɗa. Na bi su har ƙofar gida ina ɗaga murya, na ce baƙin ciki suke yi don yaro ya fara samu, na ce su riƙe bokonsu su bar mana gidanmu. Har da wata maganar da ba zan iya rubutawa ba, wadda ta taɓa addini. Matar da ta ɓoye mu a ɗakinta lokacin da gari ya rikice, ita na gaya wa haka mutane suna kallo. Mama Suzana dai ta kama hannun ƴarta suka shige.

Inna tana ɗaki ta ji komai. Ba ta yi mini faɗa ba, sai ta ce in kira kafinta ya ɓalle kwaɗon shagon, tunda Nura yana hanya. Da ƙofar ta buɗe wari ne ya fara korar mu. Kwalaye ne jere, kowanne an cusa masa tsuntsaye masu ruwan toka da jan bindi, an datse musu fiffike, gashinsu duk danƙon da aka kama su da shi. Wasu sun mutu, na raye suna tsaye a kan gawarsu suna rawar sanyi. An zuba musu gero ko taɓawa ba su yi ba. Wani ya fige gashin ƙirjinsa da bakinsa har jini. Inna ta dafa bango ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe a shagon da mahaifinmu ya yi ɗinki ya ciyar da mu da halali ake wannan aiki.

Ni dabarata ita ce mu sake su su tashi, magana ta mutu. Inna ta ce in je in kira Yael. Kunya ta hana ni zuwa, sai ita ta ɗauki sandarta ta tafi da kanta. Yael ta zo kamar ba abin da ya faru, ta ce idan muka sake su sanyi da shaho za su gama da su, domin tsuntsayen kurmi ne, nan ba ƙasarsu ba ce. Ta rufa musu barguna, ta aika aka nemo kwakwar manja da ayaba, ta riƙa ɗiga musu ruwa a baki. Daga nan ta gaya wa Inna gaskiya, cewa ba za ta iya ɓoyewa ba, sai an sanar da ma'aikatan kula da namun daji, amma idan daga gidan aka kai maganar zai fi wa Nura sauƙi. Inna ta ce a kira su, ita ce mai gida.

Da Nura ya dawo ya so ya gudu. Inna ta ce idan ya taka ƙofar nan da niyyar gudu, kada ya ƙara kiranta uwa. Ya zauna ya yi kuka, ya ce ogan nan nasa ne yake haɗa shi da masu kamawa a can kudu, shi nasa ɗaukowa ne kawai, daga nan a wuce da su Kano. Washegari ya kai kansa, ya faɗi duk abin da ya sani. Ogan nasa kuwa wayarsa a kashe take har yau. An ba da belin Nura, muna jiran ranar kotu, mai motar kuma ya karɓe makullin motarsa. Tsuntsayen da suka rayu an tafi da su inda za a kula da su har gashinsu ya fito.

Inna ta ce in gaya maka kada ka kira kowa don a kashe maganar ta bayan gida. Ta ce wanda ya shuka ƙaya shi zai taka, addu'a kawai take so ka yi masa. Ni kuma roƙona ka kira Mama Suzana ka gaishe ta, kai ne babba.

Na je ba ta haƙuri da kaina. Na tarar tana tankaɗen acca a tsakar gida, na durƙusa ina kuka. Ta miƙo mini faifai ta ce in taya ta. Da na matsa da ban haƙuri sai ta ce bayan da ya goya ni ya sha fitsarina ina jaririya ba zai gaza ɗaukar maganata ba. Yaya, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ka gaida Anti Madina, da Amatullahi da Bala, a ce su dage da karatu. Inna tana sa muku albarka. Nura ya ce a gaishe ka, amma ya kasa ɗaga kai da ya faɗa. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hassana.