Ba Doguwa ta Riƙe Motarka Ba

Lugu, ran Laraba

Zuwa ga autana Abdulrazak, Dogon Dutsi.

Bayan sallama, ina kwananku, ina gajiya? Ina mai ɗakinka Shamsiyya da jikata Kausar? Su nika tambaya da zuciya guda. Kai kau, don haka anka saba buɗe takarda ne. Basira malamar lakwal, makarantar boko, ita ka rubuta min, kuma na ce kada ta gyara ko kalma guda.

Yau kwana ashirin da ka ɗoro ni bisa kabu-kabu ka maido ni Lugu awa buhun dussa. Ka ce doguwar uwata ka bi na, ita ka riƙe motarka. Ka shiga ɗakina ka ƙone ƙwaryar inna da baƙin zanenta, ka sa kwado. Ka tsaya ƙohwar masallacinku ka hwaɗa ma mutane da lasifika. Kai da ka wa'azi iskoki ba su da ikon komi, yau ga su sun hi ƙarhin turbo.

Hujjarka, wai in kai ɗaya ne cikin gari mota lahiya lau, in na shiga sai ta yi ta kuka ba ta tahiya. Wawa, ni ɗaya nika shiga? Ran da munka tahi suna Matankari, ni da ƙawayena huɗu ne, ga Karima da ta kai mutum biyu, ga buhun hatsi ukku baya. Ran gaisuwar Kore Mairuwa ma hakanan.

Shekara talatin ina saida tuwo ƙohwar garejin ubanka, Allah shi jiƙan shi. In ba kowa kusa, ni shika ɗorawa kujerar direba in taka mishi abin da ya ce, shi yana ƙarƙashi. Kunnena da hancina can sunka yi lakwal ɗinsu. Ran Matankari, da munka kama hawa, ka sa bitesi, wato giya, ta huɗu ka taka totur. Turbo ya yi hito, allurar inji ta yi tsalle sama, amma icen bakin hanya bai ƙara saurin wucewa ba. Sannan wari ya taso awa an ƙone tsumma da gashi. Ambiriyaj ne, wanda 'yan Najeriya ka ce ma kuloci. Santsi shika yi, ba shi kamawa. Na hwaɗa maka tun cikin mota, ka ce in yi shuru in ja tasbaha.

Kuma kai ka jawo. Ka kai mota Yamai, abokinka Anas ya jona mata odinater, kwamfutar nan, ya ƙara ma inji ƙarhi. Kun maida akuya raƙumi, kun bar ta da igiyar akuya.

Ga gwajin ubanka. Samu wuri shimhiɗaɗɗe, ja birkin hannu, sa bitesi ta ukku, ka saki ƙahwar hagu sannu-sannu. In ambiriyaj na da rai, inji mutuwa za shi yi nan take. In ya ci gaba da kuka, ka san wanda ka zalunta.

Ka gaida mai ɗakinka. Uwarka, ko kana so ko ba ka so,
Ladidi

Lugu, ran Lahadi

Abdulrazak,

Ina lahiya, ina iyali? Na ji Kausar ta yi masassara, da hwatan ta samu sauƙi. Ni ƙahwata ce dai, don gidan ƙanena tabarma ce ƙasa, ba gadon da ubanka ya ƙera min ba.

Saƙonka ya iso ta wayar Basira, har da dariyar abokanka baya. Ka yi gwaji, inji ya mutu, don haka tsohuwa ƙarya takai. Na kwana biyu ban ci tuwon kirki ba, ba zan ɓoye ba. Har na ce ko tsuhwa ta ci kunnena.

Sai na tuna. Motocin da ubanka ka gwadawa hakanan, ƙarhinsu guda ne, tsaye ko tahe. Taka ba haka take ba. In tana tsaye turbo barci shikai, ƙarhin da Anas ya cusa bai taso ba, to mi za shi sa ambiriyaj santsi? Nan na yi kuskure, na amsa. Ka ga, ba a mutuwa don an ce an yi kuskure. Koyi.

Yanzu yi wanga. Ga ni Lugu, ba ni ba doguwata. Loda buhu shidda, ɗauki masu dariyar nan huɗu, musamman Mu'awiya mai tumbi. Hau hawan nan dai. Sa bitesi ta biyar tun mota na tahiya sannu, ka taka totur har ƙasa. Kada ka dubi hanya kaɗai, sa mutum shi dubi allurai biyu. In ta inji ta tashi, ta gudu na zaune, shi ke nan. Ku buɗe gilas ku sha wari. Sau guda ya isa, kada ka maimaita ka ƙarasa ƙone shi.

In haka ta hwaru, kada ka sa irin wanda ka cire. Ko a maida inji yadda Allah ya sa masu ƙira sunka yi shi, ko ka nemi ambiriyaj mai ƙarhi daidai da shi.

Sai mu ji cikin abokanka wa ad da doguwa.

Uwarka,
Ladidi

Dogon Dutsi, ran Jumma'a

Abdulrazak,

Sallama. Ina kwanan daji, ina sauro? Iyalinka lahiya suke, ina tare da su. Shamsiyya ka rubuta wagga.

Mu'awiya ya ba duk kasuwa labari. Allura ta tashi, mota ta tsaya tana kururuwa, hayaƙi ya koro ku waje, ba tsohuwa ko guda ciki. Da bakanike ya buɗe, hwarantin ambiriyaj ya yi sulɓi awa gindin tukunya. Ba ka aiko min ko uhum ba. Ka sa irin na da, don ba ka iya rabuwa da gudu kuma ba ka iya bin maganata. Sannan ka kamo hanyar Lugu jiya, wai ka ɗauko ni a ɓoye, a yi awa ba a yi ba.

Tun daga nesa na ji ka cikin rairayi, inji na ihu, mota na wuri guda. Na san muryar. Ina bisa amalanken ƙanena, don na riga na yanke zan koma ɗakina da ƙahwata. Ni ce mai jan lulluɓi da ta wuce ka kana tone taya da hannu. Ka ɗaga kai, ka gane ni, ka buɗe baki. Na ce ma ƙanena shi kora jaki.

Kwadonka na hwasa da guduman ubanka. Gidanga shi ya gina, da kuɗin tuwona cikin kwanon rufi. Ƙwaryar inna kau, ba bauta mata nikai ba. Ciki ta dama min hura ina yarinya, ita kaɗai ta bar min. Wannan ba bakaniken da ka gyara shi.

Na aika Mu'awiya da kamyo, babbar motar kaya, shi jawo ka, za shi ba ka takardarga. Za ku iso kahin a hau sallar Jumma'a. In an sallame, tsaya inda ka tsaya rannan, da muryar da ka yi rannan, ka hwaɗi abin da ya riƙe motarka. Na koya maka sunanshi, ambiriyaj.

Na tuƙa tuwo da miyar kuka, naka na rufe. Ɗakina na jin lasifikar masallacinku sarai. In na ji, in buɗe. In ban ji ba, Kausar na da kaji.

Uwarka,
Ladidi