Ƙorafi Kan Imrana da Baƙuwar da Ya Ɗauke Mini

Daga: Badaru Yaya, ɗan bensikin (ɗan acaɓa),
Unguwar Hausawa, New Bell, Douala.
Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga: Alhaji Hamadu,
Shugaban Ƙungiyar 'Yan Bensikin ta Tasharmu.

Game da: Ɗauke mini baƙuwa da abokin aikina Imrana ya yi, saɓanin ƙa'idar tasha.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 30 ga Yuni, kai da kanka ka damƙa mini Hajiya Azumi, dattijuwar da ta zo daga Kano neman ƙanenta Malam Sabo, wanda ya shigo Douala tun yana saurayi, labarinsa ya yanke. Ba ta jin Faransanci, ba ta taɓa hawa babur ba. Ni na koya mata zama da naɗe mayafi kada taya ta ja shi.

2. Cikin ruwan daminar nan na zaga da ita masallatai da majalisun tsofaffi, har Bonapriso wurin masu gadi. Ledar ruwana ita nake rufa wa, ni in jiƙe. Kullum sai ta ce, Allah Ya yi wa ɗana Badaru albarka. Tun da na rasa mahaifiyata ban sake jin wannan kalma ba.

3. Ranar 9 ga Yuli, wani ɗan dako a kasuwar Sandaga ya shaida mini akwai tsohon Bakano mai sayar da goro a unguwar Sodiko, mai tabo a gira kamar yadda Hajiya ta kwatanta ƙanenta. Da yamma na ba Imrana labarin a tasha saboda farin ciki, don na ɗauke shi ƙane.

4. Washegari sarƙar babur ɗina ta tsinke. Ina wurin makaniki Imrana ya je masaukinta, ya ce wai ni na aiko shi. Ban aiko shi ba. Ya tsallaka da ita gadar Wouri, ya tsayar da ita gaban teburin goron. An ce ta rungume ƙanenta tana kuka har jama'a suka taru. An ce, Ranka ya daɗe, domin ni ban gani ba.

5. A walimar murnar haɗuwarsu da aka yi ranar Asabar, Imrana aka zaunar kusa da liman, shi aka yi wa addu'a, shi Hajiya ta kira ɗanta a bainar jama'a. Ni ina bakin ƙofa wajen takalma. Ba hassada nake yi ba, Allah Ya sani. Amma hoton nan nasa da Hajiya da Imrana yake nuna wa kowa a waya, wurina ne ya tsaya a ciki.

Saboda haka ina roƙon ka kira Imrana gaban dattawan tasha, ya faɗi inda ya samo labarin Sodiko, ya kuma maimaita a kunnen Hajiya. Ba na neman a kore shi, yana da iyali.

Hajiya za ta koma gida ranar Alhamis, 17 ga wata. Ina roƙon a ba da umarni cewa ni zan kai ta tashar mota. Na sa sabuwar sarƙa.

Allah Ya ƙara girma, Ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Badaru Yaya