Gyaran Zinatu

Jega, Maris 1993

Zuwa ga Yaya Sambo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da mutanen Maiyama baki ɗaya. Ni kam jiki lafiya, zuciya ce ba daɗi.

Ka san Zinatu, ɗiyar Malam Yaro mai albasa na Aliero, wadda nake cika maka kunne da ƙoƙarinta a ajin kimiyya. Tana asibiti, asid ya shiga idonta na dama.

Gwaji na ba 'yan ajin, a zuba garin ƙarfen magnesiya cikin asid, a toshe kwalba, a tara iskar da ta fito cikin sirinji. Sai an fara lissafin mol: giram ashirin da huɗu shi ne mol ɗaya, yana ba da iska lita ashirin da huɗu, sirinjinmu kuwa kashi ɗaya cikin goma na lita yake ɗauka. Ita ta riga kowa gamawa, ta auna daidai. Sai hannunta ya yi abin da ya saba tun tana ƙarama gaban tiren uwarta, inda ba a sallamar mai saye sai da gyara. Ta ga garin ya yi kaɗan, ta ƙara ɗan tsunkule. Kwalba ta tafasa, toshiya ta yi sama. Tabarau na kare ido ko guda babu a makarantar nan, na yi magana har na gaji.

A taya mu addu'a, idon nan ya tsira.

Ƙanenka,
Kalilu

Jega, Afrilu 1993

Yaya Sambo,

Gaisuwa da fatan alheri, ina jikin Inna? Na ga saƙonka, Allah shi saka.

Idon bai tsira ba. Ranar da aka kwance bandeji, abin da ta fara tambayata shi ne ko lissafinta ya yi daidai. Wallahi daidai yake, Yaya, da ƙyar na iya faɗa mata.

Jiya ubanta ya zo ya kwashe kayanta, ba za ta rubuta jarrabawa ba. Na so ya zage ni, bai yi ba. Godiya ya yi mini da na tsaya a asibiti, ya sauke mini kwandon albasa a ƙofar ɗaki. Har ya juya zai tafi, sai ya sa hannu a buhu ya ɗora uku a kai.

Suna nan inda ya bar su, na kasa taɓawa.

Ka gaida Inna.

Naka,
Kalilu